Ya fice daga otal ɗin gwamnati a Ingila, wayarsa a kashe: a yi magana ko a yi shiru?

Zenabu Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah waɗanda ke Ingila ku ba ni haske. Ƙanina yana neman mafaka a can, an ajiye shi a wani otal a arewacin ƙasar. Ya haura mako biyu wayarsa ba ta shiga. Wanda suke ɗaki ɗaya ya ce da safe ya saɓa jakar goyo ya fita, ya bar sauran kayansa, bai dawo ba. Inna ba ta barci. Me hukuma ke yi idan mutum ya ɓace haka? Nemansa suke yi, ko sai mu mun yi magana? In kuma mun yi magana, ba mu tona masa asiri ba?

Awudu Boga: Wa alaikumus salam. Ƙanwata kwantar da hankalinki, yaro ya shiga gari ne. Duk wanda ya taɓa yin aduro, wato neman mafaka a Turai, ya san wannan. Tsohon layi ya jefar, nan da wata ɗaya ko biyu za ki ga baƙuwar lamba tana kira. Mu a Jamus haka muka yi ta gani tun kafin a haife shi. Kada ku kuskura ku kira kowane ofis.

Hajiya Lantana: Allah ya bayyana shi cikin aminci. A ce da Inna ta dage da addu'a, a kuma ba da sadaka ko ta ƙosai ce.

Abdul-Razak Manchesta: Amin Hajiya. Yaya Awudu, da girmanka, amma shawarar nan ta zamanin da ce. Zenabu, aikin tafinta nake yi a nan, ina shiga irin waɗannan otal-otal, bari in gaya miki yadda abin ke tafiya.

Otal ɗin ba kurkuku ba ne, mutum na da ikon fita da shiga. Gwamnati ma ba ita ke riƙe da gidajen da hannunta ba, kamfanoni uku ta bai wa kwangila tun 2019: Serco, Mears da Clearsprings. Ma'aikatansu ne ke lura da wa ya kwana wa bai kwana ba, a wurare da yawa akwai rajista a bakin ƙofa da ake sa hannu. In aka ga gado ba kowa, za su gwada wayarsa, su tambayi abokin ɗakinsa. In mai rauni ne, kamar mara lafiya, ko mai ciwon damuwa, ko mace mai ciki, ko wanda ake zargin masu safarar mutane na bibiyarsa, sai su sanar da 'yan sanda. In kuwa ƙato ne lafiyayye da ya fita da ƙafarsa, ba wanda zai kunna fitila nemansa. Ƙa'idar dai ita ce kada ka yi kwana 7 a jere ba ka nan ba tare da izini ba. Da ya wuce, sai a rubuta wa Hom Ofis, wato ma'aikatar cikin gida mai kula da shige da fice, a ba wani gadon, a tsayar da katin ASPEN da ake zuba masa kuɗin mako, a tattara kayansa a ajiye na ɗan lokaci.

Rasa gadon ƙaramin abu ne. Babban abin shi ne fayil ɗinsa. A dokokin shige da fice akwai sakin layi na 333C, wanda aka faɗaɗa a 2023. Ya ce in ba ka zo intabiyu ba, ko ka daina zuwa sa hannu inda aka ce ka riƙa zuwa, ko ba ka mayar da takardar tambayoyi ba, ko ka yanke hulɗa da su ba ka ba da sabon adireshi ba, ana iya ɗauka cewa kai da kanka ka janye buƙatarka. In ka tsallake intabiyu sukan aiko wasiƙa su ba ka kwanakin aiki 5 ka faɗi dalili. Wasiƙar kuma ina za ta je? Otal ɗin da ya bari.

Zenabu Aboabo: Innalillahi. To in an ce ya janye, ba zai ɗaukaka ƙara ba?

Abdul-Razak Manchesta: Nan ne ciwon yake. Wanda aka ƙi shi, a mafi yawan lokuta yana da damar zuwa gaban alƙali. Wanda aka ce ya janye, ba a yanke masa hukunci ba balle ya ɗaukaka. Sai dai lauya ya rubuta ya nuna kuskure aka yi, ko akwai uzuri mai ƙarfi kamar kwanciya asibiti. In ba haka ba, sai ya sake kai sababbin hujjoji da kansa, yawanci a Liverpool, kuma abin da za a fara tambayarsa shi ne ina ya shiga duk tsawon lokacin nan.

Ɗanjuma Direba: Malam Razak duk mun ji turancin doka. Amma a faɗi gaskiya mana. Nawa ake ba yaron nan a mako?

Abdul-Razak Manchesta: In otal ne da ake ba su abinci, fam 9.95. In gida ne da mutum ke dafa wa kansa, fam 49.18.

Ɗanjuma Direba: Kun ji ko. Ko sidi 200 na kuɗinmu na Ghana ba su cika ba. Abin da nake samu kafin azahar tsakanin Kejetia da Tafo a Kumasi ke nan in kasuwa ta yi kyau. Kuma an hana shi aiki. Mutumin da aka sayar da fili aka ci bashi don ya tafi, ku ce ya zauna a ɗaki yana kallon silin shekara guda, shekara biyu? Ni da ni ne, tun makon farko na tsallake.

Abdul-Razak Manchesta: Hanin aikin gaskiya ne. Sai fayil ya yi wata 12 ba a yanke hukunci ba, kuma jinkirin ba daga gare ka ba, sannan ka nemi izini, shi ma a wasu 'yan sana'o'i da gwamnati ta lissafa. Ban ce zaman da daɗi ba. Amma ga abin da yaranmu ba su sani ba: kana iya barin otal ka koma wurin ɗan uwa ko aboki, fayil ɗinka na nan da ransa. Sharaɗin kawai ka sanar da sabon adireshi, ka ci gaba da zuwa sa hannu, ka amsa wasiƙu. Har tallafin abinci kaɗai ana iya nema ba tare da gida ba. Fitar ba ita ke kashe fayil ba, shirun ne.

Memuna KNUST: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Akwai abu guda da ba a taɓo ba, kuma ina ganin shi ne ke sa samarinmu gudu. A dokar Birtaniya ta 2002, sashe na 94, akwai jerin ƙasashen da suke ɗauka lafiya lau ne, kuma Ghana na ciki, amma ga maza kawai. Haka Najeriya da Gambiya da Saliyo, su ma maza. Ma'ana in namiji ɗan Ghana ya nemi mafaka aka ƙi shi, ana iya buga wa fayil ɗin hatimin cewa ba shi da tushe ko kaɗan, kuma wannan hatimin na rufe ƙofar ɗaukaka ƙara. Ba wai ba a sauraron mutum ba ne, kowane fayil ana duba shi daban, amma tudun da zai hau ya fi na ɗan Sudan ko ɗan Iritiriya nesa ba kusa ba.

Ɗanjuma Direba: Yauwa 'yar boko, Allah ya yi miki albarka. Kenan ko ya zauna ƙin sa za a yi. To zaman me?

Memuna KNUST: Kawu ban ce haka ba fa. Ban san me ya rubuta a fayil ɗinsa ba, kai ma ba ka sani ba.

Awudu Boga: Kuma ku daina tsorata mutane da cewa za a kama shi. Su da bakinsu suka faɗa a majalisa. A ƙarshen 2023 aka tambayi manyan Hom Ofis ina mutum 17,316 da aka rufe fayil ɗinsu suke, babban jami'i ya ce ba ya jin sun san inda suke. Lokacin shirin kai masu neman mafaka Ruwanda ma, cikin mutum 5,700 da aka ware, 2,143 kawai suka ce suna da tabbacin samu. Ga shi an soke shirin a 2024, waɗanda suka ɓuya ba su suka ci riba ba?

Abdul-Razak Manchesta: Alƙaluman daidai ne Yaya. Sai dai ba sa buƙatar su bi ka, jira suke ka zo da kanka. Wanda ya karya sharaɗin belin da ake ba mai neman mafaka ana rubuta shi a matsayin wanda ya tsere, sunansa ya shiga kwamfutar 'yan sanda. Daga nan ko fitilar keke ce ta mutu aka tsayar da shi, magana ta fito. Dokokin 2014 da 2016 kuma sun toshe sauran hanyoyin: ba asusun banki, ba lasisin tuƙi, mai gida a Ingila sai ya duba takardunka kafin ya ba ka haya. Mai shagon da ya ɗauke ka aiki, tun 2024 tarar ta kai fam 45,000 a kan mutum ɗaya a karon farko, fam 60,000 in ya maimaita. Ka gaya mini wane mutumin kirki ne zai ɗauki wannan kasadar saboda kai? Wanda zai ɗauka, ya riga ya lissafa yadda zai fanshe a jikinka.

Ummu Salma Bamingam: Bari in sa baki a nan, don ni nake ganin ƙarshen abin. Ina aikin kula da tsofaffi, mijina kuma yana kwamitin masallaci. Wani dare aka kawo mana wani yaro, ɗan yankinmu ne, ba zan faɗi garin ba. Yana soya kaza a bayan wani shagon abinci, mai ya zubo masa daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Man goge baki suka shafa masa suka ɗaure da tsumman goge tebur. Da na kwance, tsumman ya manne da fata, sai da na jiƙa da ruwa a hankali. Na ce asibiti, ya fara rantsuwa yana roƙona. Ya ɗauka a ƙofar asibiti ake kama mutane. Alhali sashen gaggawa kyauta ne ga kowa, rajista da likitan unguwa ma ba a neman takardar zama. A saman shagon yake kwana, katifu a jere a ƙasa, kuma ana cire kuɗin katifar daga ladansa. Ga masu kai abinci a keke da asusun wani, duk mako sai sun biya mai asusun, ko sun samu ko ba su samu ba. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Kawu Ɗanjuma, hoton da suke turo muku a gaban mota da farar jaket, motar ba tasu ba ce, wani lokacin jaket ɗin ma aro ce.

Ɗanjuma Direba: Hajiya na ji, amma akwai waɗanda suka yi gidaje a Asokore Mampong da wannan wahalar.

Ummu Salma Bamingam: Akwai. Su kake gani, don su ne ke dawowa da Sallah.

Malam Fuseini Asawase: Ni abin da ya dame ni a maganar Awudu shi ne saurin yanke cewa duk wanda ya ɓace ya shiga gari ne. A Janairun 2023 ministan shige da fice na lokacin, Robert Jenrick, ya gaya wa majalisa cewa cikin yara sama da 4,600 marasa iyaye da aka ajiye a otal-otal tun 2021, an samu ɓacewa sau 440, kuma 200 ba a gan su ba har lokacin, akasarinsu 'yan Albaniya. Rahotanni sun ce wasu a bakin otal a Brighton aka ɗauke su a mota. A Yulin shekarar babbar kotu ta ce ajiye yara a otal a matsayin al'ada ya saɓa wa doka. Na san ƙanin Zenabu ba yaro ba ne, amma bashin ɗan koneshan, wato dillalin da ya shirya masa tafiya, ba ya tambayar shekaru. In wanda ya kai shi yana binsa kuɗi, yana iya zuwa ya ɗauke shi ya kai shi inda zai biya da ƙarfinsa, wayar ma ya karɓe.

Zenabu Aboabo: Malam ka ƙara tayar mini da hankali. Yanzu in kira 'yan sandan can ke nan?

Abdul-Razak Manchesta: Kafin nan, koma wurin abokin ɗakin nasa ki tambaye shi dalla-dalla. Ya ɗauki katin ARC ɗinsa, wato katin shaidar mai neman mafaka? Caja fa? Takalminsa mai kyau da rigar sanyi? Yana shan wani magani, ya bar shi ko ya tafi da shi? Kwanakin ƙarshe yana yawan waya a ɓoye ne, ko ya daina cin abinci ya daina magana? Wanda ya shirya tafiya da wanda wani abu ya same shi, kayan da suka bari ba iri ɗaya ba ne.

In alamu sun nuna haɗari, a kira 'yan sanda ba jira. Ɓacewar baligi ba laifi ba ne a nan, kuma in sun same shi ya ce ba ya so a faɗi inda yake, iyakar abin da za su gaya muku shi ne yana lafiya. Amma ba zan ɓoye miki ba, suna iya duba matsayinsa su sanar da Hom Ofis. In ya tabbata tilasta masa aiki ake yi, dokar yaƙi da bauta ta 2015 ta ba shi kariya a matsayin wanda aka zalunta. In kuma alamu sun nuna da shirinsa ya fita, a fara da lauyansa, da Migrant Help da ke kula da layin taimakon masu neman mafaka, da masallatan garin. Red Cross ma na da sashen haɗa dangi, kina iya farawa ta ofishinsu na can Ghana, su ba sa ba da adireshin mutum sai da yardarsa.

Ustaz Nuhu Alabar: Allah ya saka da alheri Malam Razak. Ni nawa gyaran a gida yake. Mu tuna 2014, lokacin gasar ƙwallon duniya, 'yan Ghana kusan 200 suka nemi mafaka a Burazil suna cewa rikicin addini ya koro su, gwamnati ta fito ta ƙaryata. Wa aka shafa wa baƙin fenti? Zango. Mu da muke kai wa maƙwabtanmu Asante naman layya. Ban ce yaron nan ƙarya ya yi ba, Allah shi ya san halin kowa. Amma wanda ɗan koneshan ya rubuta masa labari ya haddace, dole ya ji tsoron ranar intabiyu, kuma da yawa a daren ranar suke guduwa. Sa'an nan mu na gida. Yaro na karɓar abin da bai kai kuɗin cefane ba, muna tura masa katin biki, da kuɗin makarantar ƙanne, da lissafin ragon Sallah. Wace kunya ce ba za ta fitar da shi daga otal ba?

Hajiya Lantana: Ustaz a yi mana adalci. Uwar da ta sayar da sarƙarta da injin markaɗenta ta tura ɗa, in ta tambaya ta yi laifi? Su ne ba sa faɗa mana gaskiya. Kullum "Alhamdu lillahi Inna, komai lafiya." Da sun ce an hana su aiki wa zai matsa musu?

Ummu Salma Bamingam: Hajiya sukan faɗa wani lokacin, sai a ce ai ɗan gidan wane da suka tafi tare har ya turo mota.

Zenabu Aboabo: Na samu abokin ɗakin. Ya ce ya tafi da katinsa da caja da rigar sanyi, ba ya shan magani. Ya ce kwana biyu kafin nan wani ya riƙa kiransa daga Landan. Amma ya ce bayan tafiyarsa wata wasiƙa ta zo da sunansa, tana wurin masu kula da otal ɗin, sun ƙi ba shi.

Abdul-Razak Manchesta: Daidai suka yi, ba za su ba wani wasiƙar wani ba. Alamun sun fi kama da wanda ya shirya, Alhamdu lillahi. Amma wasiƙar ce abin gaggawa, tana iya zama ranar intabiyu. In yana da lauya, galibi ana aika masa kwafi, ku nemo sunan ofishin a tsofaffin saƙonninsa. Lauyan ba zai gaya miki sirrin fayil ba, amma zai saurare ki. Sa'an nan ki yi saƙon murya gajere ki tura wa duk abokansa na Landan da na nan. Kada ki sa kuka, kada ki ambaci kuɗi ko bashi, kada ki ce ina yake. Ki ce kawai wasiƙa ta zo, ya kira lauyansa yau, kuma ba wanda ke fushi da shi. Ko bai kira ku ba, in ya kira lauya an tsira da wani abu.

Awudu Boga: Wannan kam na yarda da shi. Turo mini saƙon, ina da mutane a Tottenham.

Memuna KNUST: Kuma a kula da masu cewa su lauyoyi ne a TikTok. Mai ba da shawarar shige da fice a Birtaniya dole ya zama lauya mai rajista ko mai lasisin hukumar da ke sa ido a kansu, kuma mai neman mafaka da ba shi da hali yana da haƙƙin lauyan da gwamnati ke biya.

Tanko Mai Waya: Tambaya daga gefe. Yayana ya shekara da shekaru a ɓoye a can, kullum ana ce masa afuwa na zuwa. Akwai ta kuwa? In kuma ya gaji yana son dawowa fa?

Abdul-Razak Manchesta: Ba wata afuwa a ƙasa. Tsohuwar hanyar shekara 14 an soke ta tun 2012. Wadda ta rage ta shekara 20 ce a jere, kuma sai ka kawo shaidar kowace shekara, mutumin da ya yi rayuwarsa da sunan wani ina zai samo ta? Dawowa kuwa akwai shirin komawa gida da son rai, suna biyan jirgi, wanda ya cancanta ana iya ba shi har fam 3,000. Za a hana shi sake shiga na shekara 2 ko 5, gwargwadon lokacin da ya ɗauka kafin ya fita. In kuma su suka kamo shi suka sa a jirgi, shekara 10 ce.

Ɗanjuma Direba: Fam 3,000 ko bashin tafiyar ba zai biya ba. Ya sauka filin jirgin Accra da jaka ɗaya, ya shigo Aboabo yara na nuna shi?

Tanko Mai Waya: Namu bashin an daɗe da biya Kawu. Gwiwarsa ce ta lalace, tsayuwar aikin dare ta gagare shi, kuma akwai wuri a shagona. Malam Razak zan ba shi lambarka in ka yarda.

Abdul-Razak Manchesta: Ba shi. Amma ka ce ya fara ganin lauya kafin ya cike komai, don wanda ya daɗe haka wani lokacin yana da hanyar zama da bai sani ba, musamman in yana da ɗa a nan.

Tanko Mai Waya: Yana da 'ya mace, an haife ta a can, bana ta shiga firamare.

Abdul-Razak Manchesta: To kada ya sa hannu a kan komai tukuna. Yaron da ya yi shekara 7 a ƙasar lissafinsa daban ne. Ya kira ni bayan isha'i agogon nan.